Lemuel Tolliver da Macijin Akwatin Kiɗa

Allah Maɗaukaki ya raba baiwa tsakanin bayinsa gwargwadon hikimarsa: wani ya ba shi hannu, wani kunne, wani kuwa baki kaɗai. Lemuel Tolliver na garin Tallow Bend, a gaɓar kogin Yazoo, yana cikin kashi na uku, sai dai shi a zatonsa duka ukun aka haɗa masa har da gyara.

A shekarun da lantarki ya fara shiga garuruwan auduga na Mississippi, babu wanda ya kai Lemuel iya ba da labarin kiɗan jita. Idan mutum ya zauna kusa da shi a shagon aski, kafin a gama masa gefen kai ɗaya ya ji yadda Lemuel ya kaɗa blues a Memphis har mata uku suka suma, da yadda manyan makaɗan Chicago suke aiko masa da wasiƙa suna roƙon ya rufa musu asiri kada ya zo garinsu. Haƙiƙanin al'amarin, wanda kowa ya sani, shi ne sau ɗaya ya taɓa zuwa Memphis, rakiyar motar kaji, ya kwana biyu ya dawo da mura. Abin da ya iya a jita kuwa kamun tsirkiya uku ne, biyu daga cikinsu ba sa ga maciji da juna.

Amma kayan aiki, wannan kam yana da su. Jitar ta marigayi surukinsa ce, Baba Isom, wanda ya shekara arba'in yana sa mutanen gundumar kuka da rawa a zama guda. Jar jita ce mai faɗin ciki, an liƙa mata ɗan ƙarfen da ke kai sauti ga lantarki, kuma ita kaɗai ce abin da tsohon ya bar wa 'yarsa Ozella, matar Lemuel. Akwatin ƙara sauti kuwa, Lemuel ya yi musayarsa ne da alfadarinsa na noma, tun daga ranar kuma gonarsa ta koma hannun ciyawa. Akwati ne mai lasifika a gaba an lulluɓe ta da yadi, bayansa a buɗe, a ciki akwai kwalabe huɗu na gilashi da suke yin ja su ɗauki zafi idan an kunna. Aƙidar Lemuel, wadda yake karantar da ita ga mai so da marar so, ita ce kiɗa ba a hannu yake ba, a kaya yake.

Wata Laraba, a ƙarshen tsinkar auduga, ya shiga shagon Dikin Purvis Gaither (Dikin muƙamin mai hidimar coci ne), wanda yake aske kawunan garin kwana shida ya tsare ƙofar cocinsu a na bakwai. A kujerar askin akwai tsoho Hosea Bivens, manomin dankali, haɓarsa duk kumfa. Hosea yana da wata tsohuwar jita marar lantarki wadda yake goga wa wuyan kwalba a ɗan ƙaramin yatsansa, ba ya kuma yawan magana.

"Kiɗan akwatin itace ya mutu," in ji Lemuel, tun bai zauna ba. "Yanzu in ba ka da lantarki, ƙwanƙwasa ƙofa kake yi, ba kiɗa ba."

Hosea bai buɗe ido ba. Ya ce, "Dikin, wa ya bar rediyo a kunne?"

"Ba rediyo ba ne, Baba Hosea. Lemuel ne."

"Ai shi ya sa. Rediyo ana iya kashe shi."

Masu jiran aski suka kwashe da dariya. Lemuel ya gyara wuyan rigarsa ya ce, "Baba Hosea, furfurarka nake dubawa nake raga maka."

"Kada ka raga mini, ɗana. Ka raga wa jitar Isom. An ce duk ranar da ka taɓa ta, kajin unguwarku ba sa yin ƙwai."

"To, Asabar!" Lemuel ya buga ƙafa a ƙasa. "Asabar a mararraba. Saran kai!"

Saran kai ba a zubar da jini a cikinsa, amma ba abin wasa ba ne a wurin makaɗa. Mutum biyu ne za su tsaya, kowa a kusurwarsa ta mararraba, kowa ya kaɗa nasa, bayan sa'a guda alƙali ya ƙirga jama'ar da ke tsaye a gefen kowanne. Wanda aka watse aka bari, shi zai miƙa jitarsa ga abokin karawarsa da hannunsa, a idon kowa.

Dikin Purvis ya ajiye reza ya ce, "Ɗan'uwa Lemuel, jitar nan fa ba taka ba ce."

"Duk abin da ke cikin gidana nawa ne."

"Ka gaya wa 'Yar'uwa Ozella haka?"

"Zan gaya mata."

"To zauna in aske ka tukuna, don a same ka tsaf-tsaf."

Labari ya riga shi isa gida. Ya tarar da Ozella a tsakar gida tana gyaran tarwaɗa, domin ita ce mai suyar kifi a mararraba duk Asabar. Ba ta ɗago kai ba.

"Lemuel Tolliver," in ji ta. Idan ta haɗa sunan nan biyu, ko karen gidan ficewa yake yi. "Jitar babana ta kwana a ɗakin nan tun kafin ka san hanyarsa. Ranar da ta koma gidan wani, ka bi ta. Ka fara tambayar Baba Hosea ko yana da wurin ajiye ku ku biyu."

"Ke mace, kin san da wa kike magana kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa na fara ninke maka rigunanka."

Mai hankali, idan ya ji irin wannan, sai ya koma ya nemi tsoho gafara, ko kuwa ya zauna ya koyi kamu na huɗu. Lemuel sai ya zauna a gindin bishiya ya duƙufa a kan ƙiyasi. Malaman mantiƙi sun daɗe suna gargaɗi a kan ƙiyasin da aka gina bisa rabin labari, amma littattafansu ba su iso Tallow Bend ba. Ya ƙirga asiran makaɗa da ya taɓa ji, ya same su uku, ya kuma yanke hukuncin cewa abin da ya hana sauran makaɗa kai matsayinsa shi ne rowa: kowane asiri ɗan kaɗan suke taɓawa.

Asiri na farko ya jiyo shi ne a bakin wani direba, cewa samarin Memphis masu sabon kiɗan rock suna huda takardar lasifika da bakin fensir, huji biyu ko uku, don sautin ya fito da gurnani. Lemuel ya ce idan huji uku ya sa an san mutum a Memphis, lalle talatin za su kai sunansa Chicago. Ranar Alhamis da hantsi ya ɗauko rezar askinsa ya bi lasifikar da yanka, tsaye da kwance, bai bar ko yadin gaban ba, har akwatin ya koma kamar wanda ya yi faɗa da muzuru. Sannan ya kunna, ya jira kwalaben suka yi ja, ya daki tsirkiya.

Lokacin kuwa farkon sanyi ne, lokacin yankan aladu, kuma al'adar unguwar ita ce duk gidan da aka ji ƙara, maƙwabta su taru su taya aiki a ba su rabonsu. Ba a yi minti goma ba sai ga mata biyar da kwanoni, ga Dikin Purvis a gaba da wuƙa da rigar aiki.

"Ina aladen?" in ji Dikin, yana haki.

"Wane alade?"

"Wanda aka fara yankawa ya kuɓuce. Ai tun daga shago na ji shi. Haba, Ɗan'uwa Lemuel, ko dabba ba a yi mata haka!"

"Kiɗa nake yi, Dikin. Sabon salo ne."

Wata tsohuwa ta leƙa bayan ɗaki, ta leƙa ƙarƙashin dandamali, ta dawo ta ce, "Kana nufin babu nama?"

"Babu nama, Inna. Fasaha ce."

"To Allah ya isa tsakanina da fasaha. Na bar wake a wuta."

Da suka watse, Lemuel ya juya ga matarsa fuskarsa cike da annuri. "Kin gani? Bugu ɗaya, mutum shida. Ki lissafa sa'a guda."

Asiri na biyu shi ne wuyan kwalbar da Hosea yake gogawa a kan tsirkiya har jita ta yi kuka kamar mutum. Lemuel ya ce kwalbar magani ce tsohon ya fasa, ƙanƙanuwa, kukanta ma ƙanƙane. Ranar Juma'a, Ozella ta tafi kogi karɓo kifi, sai ya juye maɗin rakenta a tukunya, ya fasa babban tulun gilashin da maɗin yake ciki, ya cire wuyan har da mariƙinsa. Wuyan ya yi wa ƙaramin yatsa yawa, don haka ya cusa yatsu uku na hannun hagu, ya tura da ƙarfi. Suka shiga. Fitowa ce suka ƙi.

Ozella ta dawo ta same shi zaune a bakin ƙofa, hannu a sama, yatsun sun kumbura. Ta dubi fasassun tulun, ta dube shi, ta tafi ta ɗauko man alade. Aka shafa, aka ja, bai motsa ba. Aka sa sabulu, bai motsa ba. Ta ɗauko guduma.

"Me za ki yi da wannan?"

"Zan fasa shi. In na kuskure, ai asarar ba ta da yawa."

"Ajiye! Da ma haka na so shi, kada ya zame mini a tsakiyar kiɗa."

Ta haka kamun tsirkiya ukun da ya iya suka koma ɗaya, domin yatsa ɗaya ne ya rage masa a waje. Ya ce wannan ma rahama ce, manyan makaɗa ba sa son tarkace.

Asiri na uku shi ne babba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san tsofaffin makaɗa sukan yanko cakin da ke wutsiyar maciji mai caki, su busar, su jefa a cikin jita, wai yana zaƙaƙa mata murya, yana kuma korar ɓera. Hosea yana da guda a tasa, in ya girgiza ta ana jin motsinsa. Lemuel ya auna al'amarin ya ce wutsiya ba ta kai ushurin maciji ba. Wanda ya sa wutsiya ya sami ushurin albarka, wanda ya sa maciji sukutum ya kwashe duka.

Ranar Asabar gari ya waye da sanyin da ya daskarar da raɓa a kan ciyawa. Lemuel ya nufi gidan Elzie, yayan Ozella, mai kamun kifi da ɗana tarko. Ya ci sa'a, a zatonsa, domin da sassafen Elzie ya tono wani ƙaton maciji mai caki a ƙarƙashin itacen girki, ya miƙe ya sandare kamar muciya.

"Ya mutu?" in ji Lemuel daga nesa.

"Na zungure shi da sanda bai motsa ba. Amma suruki, maciji da sanyi ba a ba da shaida a kansu. Bari in sare kan, in yanko maka wutsiyar."

"Kada ka taɓa shi! Cikakke nake so."

"Cikakke? Miya za ka yi?"

"Yaya Elzie, kai masunci ne. Abin da ya shafi kifi zan tambaye ka. Wannan ilimin kiɗa ne."

Elzie ya sosa ƙeya ya ce, "Ƙanwata ta sani?"

"Sirrin maza ne."

"To ni ban gan ka ba, kai ma ba ka gan ni ba. Amma zan zo kallo, zan kuma tsaya nesa."

Macijin ya ƙi shiga cikin jita, saboda haka Lemuel ya ɗaga shi da sanda ya naɗe shi a cikin akwatin sauti, daidai ƙarƙashin kwalaben nan huɗu. Don kada magabta su ga asirin, ya kawo buhun auduga ya rufe bayan akwatin, ya bi shi da ƙusa ta ko'ina. Ya rage babu wata kafa a jikin akwatin sai waɗanda rezarsa ta buɗe a gaba.

Da azahar mararraba ta cika. An gama kai auduga injin gurza, kowa ya shigo gari da iyalinsa, labarin saran kai kuma ya kai har ƙauyukan ƙetaren kogi. Lemuel ya kafa kayansa a ƙofar shagon aski, aka zuro masa wayar lantarki ta taga. Kusa da shi Ozella ta ɗora kaskonta inda ta saba, ta juya masa baya. A ɗaya kusurwar, Hosea ya zauna a bayan amalankensa na dankali, jita a cinya. Dikin Purvis, wanda aka naɗa alƙali, ya tsaya a tsakiyar hanya da agogon aljihu, ya ɗaga hannu, ya sauke.

Hosea ya goga wuyan kwalba a hankali, jitar ta yi wani irin kuka mai sanyi, ya bi ta da murya yana ba da labarin ambaliyar da ta ci gonarsa. Jama'a suka zuba wajensa kamar an kira su da suna. Lemuel ya murɗa akwati, ya daki kamunsa guda, ya goga wuyan tulu. Wani alfadari da ke ɗaure a bakin kanti ya tsinke igiya. Bayan rubu'in sa'a, waɗanda ke gefen Lemuel su ne Ozella, wadda kasko ya tsare, da karnuka biyu, waɗanda kifi ya tsare.

Amma kwalaben nan huɗu suna aikinsu. Sun yi ja, ɗumi ya cika akwatin, buhu ya hana shi fita. Lemuel ya sake dukan tsirkiya, kuma da ƙarar ta lafa sai aka ji wani sauti ya biyo baya daga cikin akwatin: caka-caka-caka-cak. Ya sake duka. Caka-caka-caka-cak. Sauti ne tsaf, mai kaifi, ba ya gaba ba ya baya.

Mutanen da ke gefen taron Hosea suka waiwayo. Wani ya ce, "Kai, wa ke kaɗa masa caki?" Biyu suka tsallako su gani, biyar suka bi su, sai goma.

"Lemuel, ina mai cakin ya ɓuya?"

"Babu mai caki!" in ji Lemuel, hawayen farin ciki na neman zubo masa. "Asirin Memphis ne! Na gaya muku ba ku yarda ba!"

Duk dukan da ya yi, akwatin sai ya amsa, kuma amsar tana ƙara zafi. Wata mata ta fara taka rawa, ba don jitar ba, don cakin. Samari suka shiga. Kafin a ankara, kashi biyu cikin uku na mararraba sun koma ƙofar shagon aski, sai Elzie kaɗai aka hango ya hau rufin kanti ya zauna. Hosea da kansa ya dakata ya kasa kunne, sannan ya ce wa na kusa da shi, "Mai cakin nan ya iya. Mai jitar ne yake ɓata masa."

Dikin ya dubi agogo ya ɗaga murya, "Saura minti biyar!"

A nan ne ujubu ya gama cika Lemuel. Ya murɗa akwatin har ƙarshe, ya ɗora ƙafa ɗaya a kansa, ya ɗaga hannun tulu sama. "Jama'ar Tallow Bend! Ku gaya wa jikokinku kun gani da idonku! Baba Hosea, ka fara goge mini jitar nan, ba na son ƙura! Ozella, warware rigunan nan!" Ya tattara ƙarfinsa ya sauke wa tsirkiyoyin dukan da bai taɓa yi ba.

Ta cikin yanka mafi faɗi da rezarsa ta yi, wani kai mai kusurwa uku ya leƙo, ya fito da harshe, ya dubi jama'a.

Matar da ke rawa a gaba ta ƙwalla ƙara ta faɗi da baya.

"Ga ta farko!" in ji Lemuel. "Saura biyu! Ku ba ta iska, haka suka yi a Memphis!"

Sai ya lura babu mai kallon fuskarsa, kowa ƙafarsa yake kallo. Ya sunkuyar da kai. Macijin ya riga ya fito da kamu biyu na jikinsa, yana shinshinar takalminsa.

Mutane sun yi saɓani daga baya a kan ko ƙafar Lemuel ta taɓa ƙasa tsakanin kusurwar nan biyu. Abin da aka yi ittifaƙi a kansa shi ne ya riga kowa isa, ya wuce yara, ya wuce karnuka, ya haye amalanken Hosea ya tsaya a kan tulin dankali, ya rungume tsohon ta baya. Sauran jama'a suka biyo shi, har da matar da ta faɗi, wadda ta tashi ba tare da an ba ta iska ba. Jitar Baba Isom tana kwance inda ya yar da ita, macijin kuwa ya sulalo ya naɗe a kan cikinta, inda rana ta ɗumama katakon, ya ɗaga wutsiya yana ci gaba da sana'arsa.

Dikin Purvis, daga bayan ƙafar amalanke, ya dubi agogo ya ce, "Lokaci ya cika." Ya gyara murya. "Gefen Baba Hosea, gari duka. Gefen Ɗan'uwa Lemuel, mutum ɗaya, ita ma kifi take juyawa."

"Ban yarda ba!" in ji Lemuel daga kan dankali. "Gudu suka yi, ba kiɗa suka bi ba!"

"Ƙa'ida ba ta tambayi dalili ba, ƙafafu ake ƙirgawa. Naka ma biyu na sa su a lissafin Baba Hosea."

"Ni iska na zo sha!"

"Sakar mini wuya ka sha ta da kyau," in ji Hosea. Da aka sake shi, ya gyara hularsa ya ce, "To, ɗana, al'ada. Je ka miƙo mini jitata da hannunka."

Lemuel ya ɗaga hannun tulu. "Hannun ba lafiya, Baba."

"Ɗayan fa?"

"Yana jinyar wannan."

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Hosea ya bari ta lafa, ya dubi jitar abokinsa Isom a ƙasa, ya dubi Ozella, sannan ya ce, "Ni na tsufa da kokawa da maciji. Jama'a ku shaida: jitar nan tawa ce, na ci ta da halalina. Na kuma bayar da ita kyauta ga duk wanda ya ɗauko ta."

Mazajen Tallow Bend suka shiga duban sama, wasu suka tuna da igiyar takalminsu. Ozella ta tsame kifin ƙarshe ta ajiye a faranti, ta rufe, don kada ƙuda ya taɓa. Ta ɗauki sheburin da take kwasar garwashi, ta tako ba gaggawa, ta ture macijin daga kan jitar da gefen shebur, ta sauke masa sara ɗaya. Ta ƙara na biyu a wutsiya. Ta ɗauki jitar ta share ta da gefen zanenta, ta kara kunne, ta murɗa maɗauran tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, sannan ta shafa su sau ɗaya da babban yatsa. Sautin ya fito cikakke, mai daɗi, ya tsaya a iska.

Hosea ya cire hula ya ce, "Tun rasuwar Isom, yau ne aka daidaita ta."

Lemuel ya sauko daga amalanke yana kaɗe wando, ya matso da murmushi. "To, alhamdu lillahi, kin ga yadda na tsara abin. Jita ba ta bar gida ba, ashe ni ma ina nan."

"Ta bari," in ji Ozella. "Ta je hannun Baba Hosea, ta dawo nawa, gari ya shaida. Kai ne ba ka dawo ba tukuna. Miƙo hannun."

Ya miƙa yana runtse ido. Ta ƙwanƙwasa wuyan tulun da ƙotar shebur, ya rabe biyu, yatsu uku suka fito jajaye kamar tsiren da bai gasu ba. Ta ɗora masa cakin macijin a tafin hannu ta dunƙule masa.

"Ga kayan kiɗanka, daidai ƙarfinka. Akwatin nan kuma ka mayar wa mai shi ka karɓo alfadarinmu. Ranar da alfadari ya shiga rumfarsa, ka shigo ɗaki. Kafin nan rumfar babu kowa, na kai maka rigunanka can."

"Ke mace, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka sa ta a caca. Ɗauko kaskon, ka bi a hankali, da zafi."

Mai alfadarin ya ga abin da reza ta yi wa akwatin, ya ji kuma abin da ya wuni a ciki, don haka sai da Lemuel ya yi masa kwana tara yana faskaren itace kafin ya saki dabbar. Kwana taran nan a rumfa ya yi su, kuma maƙwabta sun ce kajin unguwar ba su taɓa yin ƙwai kamar na wannan mako ba.

Laraba ta biyu bayan haka, masu jiran aski suna zaune, Hosea yana kan kujera da kumfa a haɓa, sai ga Lemuel ya shigo, cakin maciji rataye a wuyansa da zare. Ya zauna, ya ɗora ƙafa kan ƙafa, ya bari aka gama kallonsa.

"Ku faɗi abin da kuke so," in ji shi. "Makaɗan Memphis da na Chicago, iyakarsu su sa mai rai ya yi rawa. Ku nuna mini ɗaya a cikinsu da ya taɓa yin kiɗan da ya ta da matacce."

Dikin Purvis ya ajiye reza yana neman gafarar Ubangiji a madadinsa. Hosea kuwa bai ko buɗe ido ba.

"Wannan gaskiya ne, ɗana," in ji shi. "Ya tashi. Tasowa ya yi ya ce ka daina."